Inda murya ke sauka: gaɓa da ginin aikatau a Italiyanci

Haruffa shida ne a kan takarda: c, a, p, i, t, o, kuma c ɗin kamar k ake karanta shi. Idan mutumin Italiya ya danna gaɓar farko ya ce CA-pi-to, yana nufin "nakan faɗo wuri ba shiri". In ya danna ta tsakiya ya ce ca-PI-to, ma'anar ta koma "an fahimta", kalmar da ba ta barin bakinsu idan suna son su ji ko ka gane. In kuwa ya kai ƙarfin kan gaɓar ƙarshe, ca-pi-TO, labarin abin da ya wuce yake bayarwa: "ya faru". Aikatau biyu ne a nan, capitare da capire, sun ba da siga uku, amma ta ƙarshe kaɗai rubutu ya yi wa alama, wato capitò. Sauran biyun an bar mai karatu da saninsa.

Abin da ke sa mutum ya haddace jadawalin aikatau tsaf, amma da ya buɗe baki a gane daga takarda ya koya, ke nan. Jadawalin ya ba shi haruffa, bai nuna masa inda murya ke sauka ba. A ganina, wurin saukar muryar nan da irin gaɓar da ta sauka a kai su ne ke riƙe da ginin aikatau na Italiyanci, har da yawancin waɗanda littattafai ke cewa ba sa bin ƙa'ida. A duk wannan bayani, gaɓar da na rubuta da manyan haruffa ita ce ake dannawa. Su Italiyawa ba haka suke rubutawa ba.

Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da nata, ko sama ko ƙasa ko mai faɗowa. Italiyanci ba haka yake ba. A kowace kalma gaɓa ɗaya ce ke ɗara 'yan'uwanta tsayi da ƙarfi, saura su bi bayanta. Sai dai batun rubutu ya ɓoye abin da baki ke yi ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda bokonmu ma iri ɗaya yake rubuta garin zama da garin tuwo.

Ba a iya ƙirga wurin danni sai an san inda gaɓa ta fara da inda ta ƙare, don haka daga nan ya kamata a soma. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu gaɓar gaba yake bi: a-ma-re, so, ve-de-re, gani. Baƙi mai shadda raba shi ake yi gida biyu: leg-ge-re, karantawa, cor-re-re, gudu. Idan l, m, n ko r suka zo kafin wani baƙi, baya suke tsayawa su rufe gaɓar: par-la-re, magana, can-ta-re, waƙa. In kuwa l ko r ne suka biyo baƙin, tare suke tafiya: a-pri-re, buɗewa, com-pra-re, saye. Akwai kuma haruffa biyu masu sauti ɗaya, irin gn da gl da sc, waɗanda ba a taɓa raba su: so-gna-re, mafarki, u-sci-re, fita.

Batun shadda Bahaushe ba ya shan wahalarsa, domin wanda ya saba da hannu da kunne da bubbuga kunnensa a buɗe yake. Kuma a aikatau shaddar ba ado ba ce. BE-ve "yana sha" ne, BEV-ve "ya sha". CA-de "yana faɗuwa", CAD-de "ya faɗi". Par-le-RE-mo "za mu yi magana", par-le-REM-mo kuwa "da mun yi magana". Turawan Ingila da na Faransa sukan daɗe suna fama kafin su ji wannan bambanci, mu kuwa da shi muka tashi. Inda muke tuntuɓe daban ne. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka cusa wasali muka sami burodi da direba. Italiyanci yana jera har uku: SCRI-ve-re, rubutawa, gaɓa uku ce, amma harshen Bahaushe yana ɗokin ya mai da ita si-ki-ri-be-re, gaɓa biyar. Da zarar an ƙara gaɓa, lissafin danni ya rikice.

Harafin i ma yana da ruɗi. A man-gia-re, cin abinci, ba a furta shi. Aikinsa kawai ya sa g ya zama j, don haka "manjare" za ka ji, gaɓa uku. Shi ya sa yake ɓacewa a mangerò, "zan ci", tunda e da kansa yana tausasa g. Harafin h akasin haka yake yi: cercare, nema, yana ba da cerchi, "kana nema", an sa h don c ya ci gaba da zama k. Amma akwai inda i ɗin na gaske ne, kuma danni ne ke tona shi. Dubi studiare, yin nazari, da inviare, aikawa. A ido ƙarshensu ɗaya. A baki na farko STU-dio ne, gaɓa biyu, na biyun in-VI-o, gaɓa uku. Saboda haka "kana nazari" studi ne da i ɗaya, "kana aikawa" kuma invii da i biyu, domin wasalin da murya ta sauka a kansa ba ya haɗiyuwa.

To, yaya aikatau kansa yake a gine? Ɗauki parlavamo, "muna magana a da". Akwai saiwa parl-, mai ɗauke da ma'ana. Akwai wasalin aji -a-, wanda ke nuna kalmar tana cikin ajin -are, ba na -ere ko na -ire ba. Sai -va-, alamar aiki mai ci a shuɗaɗɗen lokaci, sannan -mo, alamar "mu". Abin da Hausa ke jerawa a gaban aikatau, irin su muna da mukan da za mu, Italiyanci a ƙeya yake ɗafa shi. Don haka ba dole ba ne su ambaci wakilin suna, ƙarshen kalmar ya wadatar. Wannan kuwa yana nufin kuskuren danni yana iya sauya mai aikin da lokacin gaba ɗaya: PAR-lo "ina magana", par-LO "ya yi magana".

Malaman nahawunsu sun ba kowane wurin danni suna. Kalmar da ake danna gaɓarta ta kusa da ƙarshe piana ce, kuma su ne mafiya yawa a harshen. Wadda ake danna ta ƙarshe tronca, mai yankakken bindi. Ta uku daga ƙarshe sdrucciola, mai santsi, saboda murya na sauka da wuri saura su zame. Ta huɗu daga ƙarshe bisdrucciola, kuma wannan kusan a aikatau kaɗai ake samun ta. Dalilin yana cikin lokaci mai ci. Saurari jerin: PAR-lo, PAR-li, PAR-la, par-LIA-mo, par-LA-te, PAR-la-no. Ni, kai, shi da su, murya na kan saiwa. Mu da ku, ta koma kan ɗafin. Ita -no ta "su" 'yar rakiya ce, an ɗora ta a kan sigar tilo ba tare da ta motsa komai ba. Idan dai tilon kansa mai santsi ne, kamar te-LE-fo-na, "yana buga waya", jam'in zai zama te-LE-fo-na-no, gaɓa uku bayan dannin. Haka A-bi-ta-no, "suna zaune a wuri". Kusan kowane baƙo par-LA-no yake fara cewa, saboda kunnensa ya saba da piana.

A nan ne nake ganin littattafan koyo da yawa suna cutar ɗalibi. Suna ba shi abitare da lavorare da dimenticare da aiutare, duk a-re, duk iri ɗaya. Ba su gaya masa cewa daga wannan siga ba za a taɓa sanin inda murya za ta sauka a "ni" ba. A-bi-to ne, amma la-VO-ro, "ina aiki". Di-MEN-ti-co, "ina mantawa", amma a-IU-to, "ina taimako". Wanda zai haddace sabon aikatau, gara ya haddace shi da sigar "ni" a gefensa, ya kuma furta su da ƙarfi.

Asalin wannan rarrabuwa yana cikin Latin, harshen Rumawa wanda Italiyanci ya tsiro daga gare shi. A Latin ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan gaɓar kusa da ƙarshe mai nauyi ce, wato tana da dogon wasali ko baƙi ya rufe ta, ita ake dannawa. In mara nauyi ce, murya ta ja baya gaɓa ɗaya. Duk wanda ya taɓa auna baitin rubutacciyar waƙar Hausa ya san wannan nauyi da rashinsa. Daga baya bambancin dogo da gajeren wasali ya ɓace daga bakin mutane, amma dannin ya zauna inda yake. Abin da ya rage shi ne sakamako ba tare da dalilinsa a fili ba. Nan ne ajin -ere ya zama gida biyu. Waɗanda e ɗinsu dogo ne a Latin sun ba da ve-DE-re, te-ME-re, tsoro, da a-VE-re, mallaka. Masu gajeren e sun ba da PREN-de-re, ɗauka, LEG-ge-re, SCRI-ve-re, CRE-de-re, gaskatawa. Wasu ma sun sauya gida a hanya: cadere da sapere, faɗuwa da sani, masu gajeren e ne a Latin amma yau ca-DE-re da sa-PE-re ake cewa, yayin da RI-de-re, dariya, da ri-SPON-de-re, amsawa, suka yi tafiyar akasin haka.

Yanzu mun iso inda gaɓa da danni suke haɗuwa, kuma nan ne wurin da ya fi burge ni. A Italiyancin yau gaɓar da aka danna tana son nauyi. In baƙi ya rufe ta, shi ke nan, wasalin ya zauna gajere: FAT-to, "an yi". In a buɗe take, wasalin ne ke miƙewa: A-mo, "ina so", kunnen Bahaushe "aamo" zai ji. To a tarihin harshen, gajeren e da gajeren o na Latin da suka sami kansu a buɗaɗɗiyar gaɓa mai danni ba miƙewa kawai suka yi ba, tsagewa suka yi suka zama ie da uo. Sharuɗɗa biyu ke nan, danni da buɗewar gaɓa, kuma in ɗaya ya faɗi tagwan wasalin ba ya fitowa. Dubi tenere, riƙewa: TEN-go, TIE-ni, TIE-ne, te-NIA-mo, te-NE-te, TEN-go-no. A tieni da tiene sharuɗɗan biyu sun cika. A teniamo da tenete murya ta bar saiwa, sai e ya koma yadda yake. A tengo murya na nan a kan saiwa, amma n ya rufe gaɓar, don haka babu ie. Ɗalibi yana kallon wannan jeri a matsayin rikici mai siga uku da sai an haddace, alhali ƙa'ida ɗaya ce ke aiki daga farko har ƙarshe. Venire, zuwa, haka yake: vengo, vieni, viene, veniamo. Sedere, zama: SIE-do, se-DIA-mo. Volere, nufi: VUO-le, vo-LE-te. Morire, mutuwa: MUO-re, mo-RIA-mo. Suna kiran wannan dittongo mobile, tagwan wasali mai yawo.

Ba ko'ina ya ci gaba da yawon ba. A suonare, kaɗa kayan kiɗa, uo ya bazu har inda babu danni, tsohuwar sigar sonare ta ja baya. A nuotare, iyo, da vuotare, zazzagewa, zaman uo a ko'ina yana da amfani, domin in ya fita za su rikice da notare, lura, da votare, jefa ƙuri'a.

Wannan ƙa'ida tana kuma ba da shaida a wata muhawara ta masana. A makarantun Italiya ana koya wa yara cewa s da baƙi ya biyo baya gaba yake tafiya koyaushe: re-sta-re, tsayawa, a-spet-ta-re, jira, ve-sti-re, sa tufafi. Ƙa'idar rubutu ce, da ita ake yanke kalma a ƙarshen layi. Amma da ve- na ve-ste, "yana sa tufafi", buɗaɗɗiyar gaɓa ce da gaske, da gajeren e ɗinta ya tsage kamar na viene. Bai tsage ba, veste ake cewa, kuma wasalin gajere ne a baki. Saboda haka masana ilimin sauti da dama suna ganin a furuci ves-te ne. Ni ma wannan hujja ta gamsar da ni: a bi ƙa'idar makaranta wurin rubutu, a bi kunne wurin magana.

Rabon nan na huɗu da biyu, wato ni, kai, shi, su a gefe guda, mu da ku a ɗaya gefen, ya yi ƙarfi har ya zama tsarin da aikatau ke zuba kansa a ciki ko da babu batun tagwan wasali. Uscire yana ba da E-sco, E-sci, E-sce, E-sco-no, amma u-SCIA-mo, u-SCI-te. Dovere, wajabta, yana ba da DE-vo da DE-ve, amma dob-BIA-mo da do-VE-te. Andare, tafiya, ya fi kowa: VA-do, VAI, VA, VAN-no sun fito daga wata saiwa daban, daga vadere na Latin, sai an-DIA-mo da an-DA-te suka riƙe tasu. Aikatau biyu ne suka haɗu suka raba gado, kuma a kan layin danni suka raba. Haka ɗafa-cikin -isc- na finire, gamawa: fi-NI-sco, fi-NI-sci, fi-NI-sce, fi-NI-sco-no, amma fi-NIA-mo, fi-NI-te. Yana shiga ne daidai wuraren huɗun da murya za ta sauka kan saiwa, ya karɓi dannin. Martin Maiden, malamin harsunan da suka fito daga Latin a Jami'ar Oksfod, ya kira wannan rabo tsarin N, ya kuma nuna yadda yake maimaita kansa a sauran dangin harshen.

Shuɗaɗɗen lokaci mai nisa, passato remoto, wanda aka fi ji a kudancin Italiya da yankin Toskana da kuma cikin littattafai, yana da nasa rabon, amma dabarar ɗaya ce. Prendere: PRE-si, pren-DE-sti, PRE-se, pren-DEM-mo, pren-DE-ste, PRE-se-ro. Inda murya ke kan saiwa, wato ni, shi da su, saiwar ce ke sauyawa. Inda ta koma kan ɗafi, saiwar asali ta dawo. Scrivere ma haka: SCRIS-si, scri-VE-sti, SCRIS-se. Wanda ya san sigar "ni" ya san sauran biyar.

Lokaci mai zuwa kuwa kalmomi biyu ne suka narke. Parlerò asalinsa parlare da ho, "ina da", kamar a ce "ina da magana a gabana". Shi ya sa ƙarshensa yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da ho, hai, ha, hanno: parlerò, parlerai, parlerà, parleranno. Kalma ta biyun ce ta riƙe danni, kuma da murya ta yi nisa da saiwa sai wasalin tsakiya ya raunana. A ajin -are ya sauya daga a zuwa e. A wasu aikatau ya faɗi ɗungum: vedrò, "zan gani", andrò, potrò, saprò. A wasu kuma baƙaƙen da suka haɗu bayan faɗuwarsa sun zama shadda: verrò daga venire, terrò daga tenere, vorrò daga volere. Irin wannan matsewa ta taɓa sigar asali ta wasu ma. Fare, yi, da dire, faɗa, daga facere da dicere suke, kuma gaɓar da ta ɓace tana dawowa a facevo da dicevo.

Saura tronca. Na ce gaɓa mai danni tana son nauyi, amma wasalin ƙarshe na parlò gajere ne, ba ya miƙewa. Ina zai sami nauyinsa? Daga kalmar da ke gaba yake aro. A Toskana, a Rum da kudancin ƙasar, andò via, "ya tafi", andòvvia ake furta shi, an sa wa v shadda ya rufe gaɓar da ta gabace shi. Suna ce wa wannan raddoppiamento sintattico. Mutanen arewa, irin su na Milan, galibi ba sa yi. Rubutu ba ya nuna shi tsakanin kalmomi, amma yana nunawa idan wakilin suna ya manne da umarni mai gaɓa ɗaya: di' da mi sun zama dimmi, "gaya mini"; da' da mi, dammi, "ba ni"; fa' da lo, fallo, "yi shi". Waɗannan ƙananan wakilan suna, kamar -no, ba sa motsa danni komai yawansu. PREN-di, PREN-di-lo, PREN-di-te-lo. A OR-di-na-glie-lo, "umarce shi da shi", gaɓa huɗu ke bin bayan dannin.

Alamar rubutu dai a wasalin ƙarshe kawai ta zama dole, sai wasu 'yan kalmomi masu gaɓa ɗaya da ake gudun rikicewarsu: è, "shi ne", da e, "da", dà, "yana bayarwa", da da, "daga". A tsakiyar kalma sai marubuci ya ga dama, kamar idan yana tsoron a karanta leg-GE-re, "marasa nauyi", a madadin LEG-ge-re.

Tunda rubutu ya yi shiru, su kansu Italiyawa suna saɓani. Mutane da yawa suna cewa per-SUA-de-re, shawo kai, alhali ƙamusoshi per-sua-DE-re suka rubuta, bisa dogon e na Latin. A valutare, kimantawa, VA-lu-to ya rinjayi tsohon va-LU-to a bakin jama'a, haka ma ana jin se-PA-ro da SE-pa-ro daga separare, rabawa. Irin waɗannan tambayoyi har yau ana aika su ga Accademia della Crusca, cibiyar kula da harshen da aka kafa a birnin Firenze a 1583, wadda ta fitar da ƙamusunta na farko a 1612. Gidan rediyo da talabijin na ƙasar, RAI, ya buga ƙamus na musamman kan rubutu da furuci a 1969, wanda ake kira DOP, aikin Bruno Migliorini da Carlo Tagliavini da Piero Fiorelli, domin masu karanta labarai su san gaɓar da za su danna. Yanzu yana intanet har da murya, mutum ya nemi aikatau ya saurari yadda ake furta shi.